Malam Muntaka Mai Tace Takardar Ƙosai

Da na fita takabar Malam Hadi, Allah ya jiƙansa, sai na kafa kasko a bakin lungunmu na Bani Malik ina suyar ƙosai da safe. Wake bai ba ni wahala ba, mai ma haka. Abin da ya hana ni sakat shi ne takardar naɗi. Leda tana sa ƙosai gumi, kafin mutum ya kai gida ya yi laɓo-laɓo kamar an jiƙa shi. Jarida kuwa ga ta nan tuli a Jidda, amma ta Larabci ce, kuma ba ka juya shafinta ba ka ci karo da sunan Allah ba. In ba bisimilla ba, to sanarwar rasuwa da aya a samanta. In ba ita ba, to wani Abdurrahman ya buɗe shagon taya. Ni kuwa ba zan naɗe abin maiƙo da sunan Ubangiji a ci a yar a kwata ba. Sai na riƙa zama da almakashi bayan la'asar ina yanke sunayen ɗaya bayan ɗaya. In na gama, jaridar ta koma rariya, ƙosai yana leƙowa ta ramuka.

Malam Muntaka, mijin maƙwabciyata Sharifa, ya sha wuce ni a kan wannan aiki. Ran nan sai ga shi da kwali a ka, ya dire a gefen murhuna. Shafukan littattafan Turanci ne, an ɓalle su an jera kamar kuɗin banki. Yana kallon bango ya ce, "Hajiya Indo, waɗannan babu sunan Allah a ciki. Na bi kowane layi." Kafin in gama godiya ya sha kwana.

Mutumin Gumel ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, da kunnuwa kamar marfin kwano. Ya zo hajjin 1975 yana saurayi, bai koma ba. Ya yi elemantare a gida, ya ƙaro Turanci a unguwar Turawa mai katanga inda ya yi shekaru yana ba furanni ruwa. Daga nan ya sami kafili, ubangidan da ke tsaya masa a wajen hukuma, wani Balarabe mai mustauda, wato ɗakin ajiyar kaya, a unguwar Khumra, inda ake ɗaure kayan Turawan da suka gama kwantiragi za su koma gida. Muntaka ke rubuta wa kowane akwati garin da za shi. Bature yakan tafi da kujerarsa da kekensa har da kwanon karensa, amma littattafan da ya karanta sai ya bar su a zube. Su Muntaka yake kwasowa.

Da farko ba karantawa yake ba, farauta yake. Yana bin layi da yatsa yana neman suna uku: na Allah da Turanci, da na Annabi Isa, da na mahaifiyarsa Nana Maryamu. Shafin da ya samu ɗaya a ciki sai ya ware, ya ƙona a gwangwani, ya binne tokar a gindin bishiyar masallaci. Sauran nawa ne. To amma ido ba ya wuce gawa bai tsaya ba. Wata rana yana cikin farautar ya ga an tsinci wani farfesa a mace a ɗakin bincikensa, ƙofa a kulle ta ciki. Makon nan takarda ta yanke mini. Da na aika tambaya, Sharifa ta dawo tana dariya, wai ya ce in yi haƙuri, ba zai saki littafin ba sai ya ga wanda ya kashe farfesan.

Shekarar yaƙin Kuwait, da Turawa suka yi ta ficewa, littattafai suka cika ƙarƙashin gadonsa har Sharifa ta rasa inda za ta tura akwatinta. Duk iri ɗaya yake so, na kisa da bin sawu, masu kauri kamar bulo. Ranar Juma'a bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a hoshi, tsakar gidan da muke tarayya mu ɗaki takwas, ya mayar mana da abin da ya karanta cikin Hausa. Ni ina can gefe ina gyaran waken gobe, ban cika sa baki ba, amma kunnena yana wurin.

A Jidda ba coci. Turawan da ya yi wa aiki kuwa bai taɓa ganin ɗayansu ya ɗaga hannu sama ba, sai in zai kira shi. Don haka duk abin da Malam Muntaka ya sani game da ibadar Kirista, daga littattafan nan ya samo, kuma ya riƙe shi gam. In ji shi, Nasara kashi biyu ne. Akwai masu kimiyya, su farfesa da likita da masu haɗa ruwa a kwalba. Waɗannan kaifin kai gare su, ba sa ƙarya, amma ba su yarda da komai ba sai abin da suka ɗora a ma'auni. Akwai kuma masu coci, limamai masu dogayen riguna da tsofaffi masu zobe. Kowannensu yana ɓoye wani abu, kuma kowane coci akwai rami a ƙarƙashinsa mai ɓullewa wani wuri. Labarin bai cika sauyawa ba. Farfesa zai gano wani abu, tsohon tulu ne ko ƙashi ko wani gishiri, wanda in duniya ta ji, addininsu ya rushe. Masu coci su aiko a kashe shi. Abokinsa da wata mace su ɗauki abin su yi ta gudu gari-gari.

Sharifa haifaffiyar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci, kuma ba ta iya shiru ba. Sai ta katse shi da sunan da take kiransa: "Ya Abu Jabir, tun waccan Juma'ar suke gudu. Ba sa cin abinci ne? Ba sa kewayawa?" Ya ce Turawa ba sa rubuta wannan. Ta tambaye shi matar nan da mutumin nan an ɗaura musu aure. Ya yi gyaran murya ya ce nan wurin ya tsallake, shafukan ma ya ƙona su don kare mutuncin masu sayen ƙosai. Ta ce ta lura waɗannan shafukan sun fi kowanne daɗewa a hannunsa kafin su shiga gwangwani.

Wani abin da ya lura da shi a wajen tacewar, har ni ya ba ni dariya. Shafukan masu kimiyya tas suke fitowa, tunda ba sa ambaton Allah, sai su zo wurina. Na limaman coci kuwa rabinsu wuta. Haka mutanen Bani Malik suka yi shekara da shekaru suna karya kumallo a kan hujjojin waɗanda ba su yarda da lahira ba, ba su sani ba. Abin da ke ɓata masa rai shi ne yadda mutanen littafin ke kiran sunan Annabi Isa. Ba sa tuna shi sai sun ga gawa, ko mota ta ƙi tashi. Yakan girgiza kai ya ce, mu ko alaihissalamu ba ma mantawa.

Jefi-jefi wani littafin yakan zo da Musulmi a ciki, mai gemu da bam a jaka. Irin wannan ba ya wuce shafi goma a hannunsa. Sai ya yi tsaki ya ce wanda ya rubuta bai taɓa cin tuwo da Musulmi ba, ya ɓalle shi ya tace ya aiko mini. Na so in ce wani abu a kan wannan, amma macen da ba ta da miji ba ta gyara wa mijin maƙwabciya zance a gaban jama'a. Na ci gaba da tsince wake.

Haka muka tafi har gashinsa ya yi fari. Wata safiya wani tela ɗan Ghana da ke sayen ƙosai a wurina ya dawo da takardarsa, duk mai, ya nuna mini wata kalma da farce. Ya ce, Hajiya, wannan sunan Allah ne. Na karɓa na goge ta da gefen mayafina na kai wa Sharifa. Malam Muntaka ya kawo takardar daf da hancinsa, ya miƙar da ita nesa, ya fita rana da ita, ya dawo ya zauna.

A nan Sharifa ta fasa ƙwai. Ashe ya daɗe yana zuba shayi a gefen kofi. Ya taɓa yi wa tukunyar gas da aka ajiye a bakin lungu sallama, har ya ji haushi ba ta amsa ba. A mustauda kuma ya liƙa wa akwatin mai tafiya Kanada takardar mai tafiya Kenya. Kafilinsa ya ce masa ko ya gyara idonsa, ko kuwa in iƙamarsa, takardar izinin zamansa, ta ƙare ba zai sabunta ba. Mutumin da ya bar Gumel shekara talatin, iyaye sun rasu, gonar an raba, a ce ya koma makaho. Kafilin ba mugu ba ne, ya ce zai biya aikin, amma a wani ƙaramin asibiti na Aziziyya da yake da yarjejeniya da shi, ba wani wuri ba.

Sharifa warin asibiti yana juya mata kai, sai ta roƙe ni in raka su. Muka tarar da likitan ido dogo, baƙi, mai furfura a gefen kunne. Yana ganinmu ya ce sannunku da zuwa, da Hausa mai daɗi irin ta mutanen gabas. Malam Muntaka ya washe baki. Suka taɓa zancen gida, damina da farashin gero, likita yana haska masa fitila a ido. Ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, na hagu ya fi, kuma aikin ba mai wuya ba ne, yana yin irinsa kowane mako. Muntaka ya ce alhamdulillahi, Allah ya haɗa shi da ɗan gida. Sai ya tambayi sunan likita.

"Istifanus. Daga Garkida."

Na ga kunnuwan Malam Muntaka sun motsa.

"Istifanus irin na coci?"

"Irin na coci, Malam."

"Amma dai sunan ne kawai. Tunda kai mai kimiyya ne."

Likita ya yi murmushi ya ce a'a, har yanzu yana ibadarsa daidai gwargwado.

"Kuma kai ne za ka riƙe wuƙar?"

"Ni ne."

Malam Muntaka ya miƙe ya ce ya tuna ya bar wani abu a kan wuta. Ya nufi ƙofa, ya buɗe kabad ɗin magani, ya nemi shiga.

A gida ya yi mana bayani. Ya ce a duk littattafan da ya karanta, mai kimiyya daban, mai coci daban, kamar kura da akuya. Sau biyu kacal ya ga mutum ɗaya ya haɗa duka, kuma duk sau biyun shi ne aka gano a babin ƙarshe da allurar guba a aljihu. Sannan fara'ar nan ta likitan ita ta fi tayar masa da hankali, don duk wanda ya fi kowa kirki a farkon labari, a sa masa ido. Sharifa ta ce, "Ya shekh, wane ido za ka sa masa? Wanne gare ka?" Ni na ce dai na ga mutumin ya wanke hannu kafin ya taɓa shi, ya kuma wanke bayan ya gama. Ya ce ai haka suke.

Watanni suka shuɗe. Karatu ya gagara. Hirar Juma'a ta mutu. Sai ka gan shi a hoshi da littafi a cinya, a rufe, yana shafa bangonsa da tafin hannu. Zuwa masallaci sai da bin bango. Na koma wa almakashina da jaridar Larabci ban ce masa komai ba, amma ya ji ƙarar almakashin, kuma na san ta fi masa ciwo da idon. Iƙama kuwa tana ta ƙaratowa. Sharifa ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi yaji na wuni ɗaya zuwa ɗakina, duk a banza.

Sai direban mustauda ya ba shi labarin da ya farfaɗo da shi. Wai ya sha ganin dogon likitan nan kowace Juma'a da safe yana shiga wani bene a Aziziyya, ba gidansa ba, ba asibiti ba. Malam Muntaka ya dawo gida kamar an yi masa albishir. Ya ce to ga ramin. Ya ce zai je ya gani da idonsa, sai ya tuna, ya ce mu za mu gani masa. Sharifa ta ce halas, shi ke nan, za ta je, amma da sharaɗin in ba a ga komai ba zai kwanta a yi masa aiki. Ni na bi su ne don kada a bar makaho da mai baki su kaɗai a titi.

Juma'a da hantsi muka tsaya a inuwar wani shagon ful da tamis, wato wake da burodi, da ke fuskantar benen. Unguwa shiru, kowa yana barcin Juma'a. Malam Muntaka ya juya wa benen baya, wai haka masu bin sawu suke yi, yana tambayarmu abin da muka gani. Sharifa ta ce ga wasu 'yan Filibin mata biyu sun shiga da tukunya a rufe. Ya tambayi me ke cikin tukunyar. Ta ce ta ina za ta sani. Can ga wani Ba'indiye da matarsa. Can ga wani baƙar fata shi kaɗai, ya waiga hagu da dama kafin ya shiga. Ba su zo tare ba, ɗaya bayan ɗaya, da tazara. Muntaka ya ce daidai, haka yake a rubuce. Sai ga likita ya sauka daga tasi nesa da ƙofar, ya ƙaraso da ƙafa. Jim kaɗan aka ja labulen tagogin hawa na uku, duka. Ba zan ɓoye ba, ni ma a lokacin na fara zargi.

Muna cikin shawarar abin yi, sai ga likita ya sauko, ya tsallako titi, ya nufo shagon da muke. Ashe burodin tamis aka aiko shi saye. Ya yi kiciɓis da mu.

Na ga fuskarsa. Na san fuskar nan, don tamu ce. Ita muke yi a Bani Malik in yaro ya shigo lungu a guje yana cewa ga jawazat nan, masu kamen marasa takarda. Mu ma mun san jan labule, da rage murya, da fita ɗaya-ɗaya. Likita mai digiri, hannunsa riƙe da kuɗin burodi, ya tsaya yana dubanmu kamar mu ne hukuma.

Ya gaishe mu a hankali, ya tambaya ko wani ne ya aiko mu. Malam Muntaka ya ce babu wanda ya aiko shi, gaskiya ya zo nema kafin ya ba da idonsa. Ya tambaye shi kai tsaye me suke yi a sama.

Likita ya dubi mai shagon, ya ga Ba'afgane ne da ba ya jin Hausa, sannan ya ce addu'a suke yi. Suna karanta littafinsu, su rera waƙa ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri, su ci shinkafa, kowa ya kama gabansa. Ya ce a gida da ganga suke yi, a nan kuwa ko tafi ba sa yi.

"To ramin fa?"

"Wane rami?"

"Na ƙarƙashin ƙasa. Inda kuke ajiye abin da ba ku so a sani."

Likita ya dube shi ya ce, "Malam, a hawa na uku muke. In muka haƙa rami, a falon wani Bamisre za mu faɗo."

Sharifa ta toshe baki da mayafi. Ita ta gaya wa likita batun littattafan, tun daga ƙosaina har gwangwanin toka. Ina kallo tsoron ya sauka daga kafaɗunsa. Ya ce ai shi ma yana karanta irinsu in ya hau jirgi, suna rage hanya. Ya ce limamin cocinsu na Garkida babban sirrin da yake ɓoyewa shi ne yana shan taba a bayan gida, kuma duk gari an sani. Sai ya tambayi Malam Muntaka ko ya taɓa cin karo da masu Musulmi a ciki.

"Waɗannan ai ƙarya ce zalla," in ji Muntaka. "Mutumin bai san mu ba."

Likita ya miƙa wa mai shago kuɗi ya karɓi burodinsa. Malam Muntaka ya fara sosa ƙeya.

Amma bai sallama nan take ba. Ya ce saura tambaya ɗaya. In likita ya ɗauki wuƙa, da wanne yake yanka, da ilimin ko da addu'ar? Don shi a saninsa ɗaya yana kore ɗaya. Likita ya tambaye shi ko yana karanta addu'ar hawa in ya shiga motar Khumra. Ya ce kullum. Ya ce to ya taɓa cewa direba ya sauka tunda an yi addu'a? Muntaka ya ce wannan direban nasu ma addu'ar ce kaɗai ke kai su. Likita ya yi dariya har burodi ya kusa faɗuwa. Da zai tsallaka ya juyo, murya ƙasa, ya roƙe mu abin da muka gani ya tsaya a nan. Sharifa ta ce masa mu mutanen Bani Malik ne, ba mu taɓa ganin komai ba tunda aka haife mu.

A mota Malam Muntaka ya yanke hukunci. Zai ba da ido ɗaya, na hagu, wanda dama ya riga ya tafi. In an cuce shi, asarar kaɗan ce. Na dama kuwa zai riƙe shi a matsayin jingina. Ya kuma kafa sharaɗi ba za a sa shi barci ba, yana so ya ji duk abin da ake faɗa. Likita ya ce dama wannan aikin ba a sa barci, ido kawai ake kashewa. Muntaka ya ce kalmar kashewar nan a sake ta.

Aka yi aiki. Daga baya likita ya gaya wa Sharifa bai taɓa samun majinyaci irinsa ba. Ana cikin aiki yana tambayar sunan kowane ƙarfe da aka ɗauka, da dalilin da ya sa nas ta yi tari. Washegari aka cire bandeji muna tsaye. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya dubi Sharifa tsawon lokaci, ya ce ashe haka ta tsufa. Ta ce, "Dakta, mayar masa da yanarsa."

Ya koma aiki, kafili ya sabunta iƙama. Ya koma karatu da ido ɗaya, yana karkata kai kamar kaza ta hangi shaho. Kwali ya dawo gefen murhuna. Kada a ce ya bar littattafan, bai bari ba, hirar Juma'a ma ta dawo. Sai dai yanzu in ya kai inda limamin coci ya zaro wuƙa daga hannun riga, yakan dakata ya ce, to, haka dai marubucin ya ce. Wani lokaci kuma ya ce wannan bai taɓa zuwa Garkida ba. Shi ma bai taɓa zuwa ba, amma ya ɗauki garin kamar na kakanninsa. Ya taɓa kai wa likita buhu guda na littattafan, ya ce ya duba masa waɗanda ramukansu na gaskiya ne.

Idon dama kuwa sai da ya ja kusan shekara. Hujjarsa ita ce maci amana ba ya bayyana a tsakiyar littafi, sai an saki jiki da shi. Sai da likita ya aiko cewa kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, wanda zai gaje shi kuma yaro ne da bai daɗe da fitowa makaranta ba, sannan Muntaka ya ce gara wanda aka riga aka bincika. Aka yi na biyun lafiya. Da idanunsa biyu garau ya rayu har shekarar da ta biyo bayan ambaliyar Jidda, ya kwanta ciwon kwana kaɗan, ya rasu a ɗakinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Shekara ashirin da wani abu muna maƙwabtaka, bai taɓa roƙona ko gishiri ba, sai sau ɗaya. Safiyar da za a yi masa ido na biyu ne. Ya zo ya tsaya gefen kaskona cikin farar jallabiya, ba a ba shi izinin cin komai ba, yana ta shaƙar ƙamshi. Ya daɗe yana kallon bango yadda ya saba. Sannan ya ce ya san ina da wuridi bayan walaha, yana so in sa mutum ɗaya a ciki. Na ce ai dama yana ciki, tun jiya nake roƙa masa sauƙi.

Ya ce, "Ba ni ba, Hajiya. Likitan. Ki kama sunansa sosai, Istifanus, kada ki ce bawan Allah kawai a kai wa wani."

Na ce to, zan roƙa masa shiriya kamar yadda nake roƙa wa kowa.

Ya gyara tsayuwa ya ce, "Shiriya ta Allah ce, ban hana ki ba. Amma yau ki fara da hannunsa. Na dama."